Cimar Birnin Tusan da Bukukuwanta: Nazarin Abinci a Wani Birni na Hamadar Sonora

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan cimar birnin Tusan da ke kudancin jihar Arizona ta ƙasar Amurka, da gidajen abincinsa, da bukukuwan da ake shiryawa a cikinsa domin abinci. An bibiyi asalin abubuwan da ake ci a birnin da al'ummomin da suka zo da su, sannan aka duba yadda lokutan bukukuwa ke bin yanayin hamada. Maƙalar ta nuna cewa sunan da birnin ya yi a fagen abinci ya dogara ne a kan amfanin gona da tsirran daji waɗanda 'yan asalin yankin suka riƙe iliminsu, alhali ruwa da yawancin abincin da mazauna birnin ke rayuwa a kansu daga nesa ake kawo su.

1.0 Gabatarwa

A watan Disamba na shekarar 2015 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya Tusan cikin jerin biranen da take kira Biranen Fasahar Abinci. Shi ne birni na farko a Amurka da ya sami wannan matsayi, kafin San Antonio ta jihar Tekzas ta biyo baya a 2017. Zaɓin ya ba mutane da dama mamaki, domin idan ana zancen manyan gidajen abinci a Amurka, New York da New Orleans da San Faransisko ake ambata. Tusan kuwa matsakaicin birni ne mai mutane kimanin 540,000 bisa ƙidayar 2020, a tsakiyar hamada, tazarar kusan kilomita 100 daga iyakar Meziko.

Sai dai hukumar ba tsadar gidajen abinci ko shaharar kukunsu take aunawa ba. Abin da take dubawa shi ne daɗewar al'adar abinci a wuri, da amfani da kayan da ƙasar wurin ke fitarwa, da wanzuwar ilimin girki na gargajiya, da kasuwanni da bukukuwan da ke raya shi. Ta wannan ma'auni Tusan na da hujja mai ƙarfi, domin an shafe kimanin shekara 4,000 ana noma a kwarin da birnin ke zaune. Tambayar da ta dace a yi ita ce: nawa ne daga cikin wannan gado ke isa tukunyar talakan birnin a yau, kuma wa ke cin moriyar sunan da aka samu? Domin amsa ta, sai an fara da ƙasar da ruwanta.

2.0 Birnin da Hamadarsa

Sunan birnin, wanda ake rubutawa Tucson, ya samo asali ne daga Cuk Ṣon na harshen O'odham, ma'ana gindin baƙin dutse. Dutsen da ake nufi yana nan yamma da tsakiyar birnin, kuma a ƙarƙashinsa kogin Santa Kurus ke wucewa. A gefen wannan kogi ne masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa suka tono burbushin masara mai shekara kimanin 4,000, da sawun magudanan ban-ruwa da suka haura shekara 3,000, waɗanda ke cikin mafiya daɗewa da aka gano a ƙasar Amurka.

Ruwan saman da Tusan ke samu a shekara bai cika kai milimita 300 ba, wato bai kai rabin na Kano ba. Amma hamadar Sonora tana da wata baiwa da ta bambanta ta da sauran hamadun Amurka: sau biyu ake yi mata ruwa. Akwai yayyafi mai laushi a hunturu, sannan akwai damina mai tsawa da iska daga farkon Yuli zuwa Satumba. Tsakanin biyun akwai bazara mai tsananin zafi a Mayu da Yuni, lokacin da ma'aunin zafi kan haura digiri 40. Wannan rabuwar ruwa gida biyu ita ce ta sa hamadar ke da yalwar tsirran da ake ci, kuma ita ce ta tsara shekarar mutanen da suka zauna a cikinta.

Mutanen nan su ne Tohono O'odham, wato mutanen hamada. Turawan Sifaniya sun laƙaba musu Papago, sunan da aka ce ya fito daga wata kalma mai nufin masu cin wake, har sai a 1986 da suka mayar da sunansu na asali a hukumance. Waken da ake nufi shi ne tefari, wanda su ke kira bawi, wani ƙaramin wake mai jure fari da zafi fiye da yawancin danginsa. Suna shuka shi ne tare da kabewa da wata masara mai nuna cikin kwana 60, ta hanyar noman da suke kira ak-cin. Manomi kan share gona a bakin ƙorama, daidai inda ruwan da ya gangaro daga duwatsu ke bazuwa bayan an yi ruwan sama, ya tare shi da shingen ƙirare domin ya kwanta ya bar laka. Da ambaliya biyu ko uku amfanin gonar ke nuna.

Sauran abincinsu daga daji yake. Akwai saguwaro, wani ƙaton tsiro mai ƙaya daga dangin kaktus, wanda a ido ya yi kama da ƙerana ko da yake ba danginsu ɗaya ba. Yakan kai tsawon mita 12, ya rayu fiye da shekara 150. Akwai tohon furen coya, wanda ake tsinka kafin ya buɗe, a kakkaɓe ƙayarsa, a dafa, a shanya. Akwai 'ya'ya da ganyen nofal, da ƙanƙanin barkonon daji mai suna ciltefin. Sai kuma itacen meskit, wanda masana tsirrai suka daɗe suna lissafawa a gida ɗaya da ƙirya. Kwanson 'ya'yansa na da zaƙi, ana daka shi ya zama gari.

3.0 Abin da Baƙi Suka Zuba a Tukunya

Sauyi na farko mai girma ya zo ne da wani limamin Katolika ɗan ɗariƙar Jesuwit, Eusebio Kino, wanda ya iso yankin a 1687, ya kuma ziyarci ƙauyen Wa:k, inda majami'ar San Xavier del Bac take a yau, a 1692. Shi da waɗanda suka biyo bayansa sun kawo shanu da tumaki da dawaki, da itatuwan ɓaure da rumman da inabi, da kuma alkama. A cikin waɗannan duka alkama ce ta fi sauya rayuwa, kuma dalilin a fili yake. Masara da wake da kabewa amfanin damina ne, sanyi na kashe su. Alkama kuwa a hunturu ake shuka ta, a girbe ta a Mayu, daidai lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kuma damina ba ta faɗi ba. Gonar da a da take zaune rabin shekara sai ta riƙa bayarwa sau biyu. Shi ya sa O'odham suka rungumi alkamar ba tare da an tilasta musu ba, har wani irinta da ake kira farar alkamar Sonora ya zama tamkar ɗan ƙasa.

Daga nan ne babban bambancin girkin Sonora da na sauran Meziko ya taso. A tsakiya da kudancin Meziko da masara ake yin tortiya, wato siririyar gurasar da ake cin komai da ita. A Sonora da kudancin Arizona kuwa ta alkama ce ke kan gaba, kuma gwanayen mata kan miƙe ta da hannu har ta kai faɗin tire, ta yi sirantar da ake iya hango haske ta cikinta. Shanun da aka kawo su ma sun bar alamarsu. Da yake babu hanyar sanyaya nama, sai aka riƙa yanka shi fale-fale ana shanyawa a rana, abin da ake kira karne seka. Ya yi kusa da kilishi ta fuskar shanya, amma ba a tsoma shi a labu, kuma bayan ya bushe sai a daka shi a soya da albasa da tumatir da koren barkono.

Akwai kayan gona na Afirka da suka shiga wannan tukunya ta hannun Turawan Sifaniya. Wake mai baƙin ido, wanda asalin nomansa Afirka ta Yamma ne, yana cikin irin da O'odham ke shukawa har yau, haka ma kankana, wadda ta bi hanyoyin fataucin 'yan ƙasa ta riga limaman mishan isa yankin. A shagunan abincin Meziko na Tusan ana sayar da wani jan abin sha mai tsami da ake kira agwa de jamaika, wanda ba komai ba ne illa zoɓo, kuma Meziko na cikin manyan masu sayen busasshen zoɓon da ake fitarwa daga arewacin Nijeriya.

A 1775 Sifaniya ta kafa sansanin soja a wurin, wanda daga gare shi birnin na yanzu ya tsiro. Ya koma ƙarƙashin Meziko a 1821, sannan Amurka ta saye yankin a cinikin Gadsden na 1853 zuwa 1854. Iyakar da aka shata ta raba ƙasar O'odham biyu, amma ba ta raba girki ba. Har gobe abincin Tusan na Sonora ne kafin ya zama na Amurka. Layin dogo ya iso a 1880, ya zo da abincin gwangwani da farin gari da kuma leburori 'yan ƙasar Sin. Da yawa daga cikinsu sun zauna suka kama noman lambu a bakin kogi, daga bisani suka buɗe ƙananan kantuna a unguwannin Mezikawa, inda suka shafe shekaru su ne masu sayar wa talakawa kayan masarufi.

4.0 Gidajen Abinci da Abincin Titi

Gidan abincin da ya fi kowane suna a birnin shi ne El Charro, wanda wata mata mai suna Monica Flin ta buɗe a 1922, kuma danginta ke riƙe da shi har yanzu. A kan rufinsa ake shanya karne seka cikin wani keji na ƙarfe, ranar hamada ce ke aikin. Gidan na da'awar cewa a nan aka ƙirƙiri cimicanga, wato naɗin tortiya mai nama a ciki da ake soyawa cikin mai. Labarin da ake bayarwa shi ne naɗin ya kuɓuce wa mai gidan ya faɗa kaskon suya. Wasu gidajen abinci a Arizona ma suna da'awar hakan, kuma irin wannan labari na ƙirƙira bisa kuskure ya yi yawa a tarihin abinci, don haka ya fi kyau a ɗauke shi a matsayin hikaya. Abin da ya tabbata shi ne gidan ya tashi daga tsohon mazauninsa a 1968, lokacin da hukumar birni ta rushe babban ɓangare na tsohuwar unguwar Mezikawa da sunan sabunta gari, ta gina katafaren zauren taro. Kantuna da gidajen abinci da dama na wannan unguwa ba su sake tashi ba. Wato birnin da ke alfahari da wannan cima a yau, shekara hamsin da 'yan kai da suka wuce rushe matattararta ya yi.

Zuciyar abincin Tusan tana kudancin birnin, inda 'yan asalin Meziko suka fi yawa. A can ake samun masu gasa nama a kan gawayin meskit, da masu miyar tumbi da masara da ake sha da safiyar Lahadi, da masu kankarar da ake gogewa a zuba mata ruwan 'ya'yan itace. A can ne kuma abincin titin da ya fi fice yake, wato sosej irin na Sonora. Asalinsa daga birnin Hermosiyo ne, inda ake ce masa dogo, kalmar da ba ta da wata alaƙa da dogo na Hausa. Ana naɗe sosej ɗin da siraran yankan naman alade a gasa, a sa cikin burodi mai laushi, a zuba dafaffen wake da albasa da tumatir da mayonis da miyar barkono. A kan amalanke da ƙananan motoci ake sayar da shi. Ɗaya daga cikin masu wannan sana'a, Daniel Contreras, wanda ya fara da ɗan amalanke a 1993, ya sami lambar yabon Gidauniyar James Beard a 2018 saboda gidansa El Güero Canelo. Wannan gidauniya ita ce mafi daraja a harkar girki a Amurka, kuma ba ta saba waiwayar abincin titi ba.

Akwai kuma rukuni na uku, na kukun zamani masu shigar da kayan hamada cikin girkinsu. Janos Wilder, wanda ya ci lambar James Beard a 2000, yana cikin waɗanda suka fara wannan tun kafin ya zama yayi. Don Guerra na gidan burodin Barrio Bread, wanda ya soma gashi a garejin gidansa, ya ci lambar gwanin masu burodi a 2022, kuma da alkamar da ake nomawa a Arizona yake aiki, ciki har da farar alkamar Sonora. Ita wannan alkama ta kusa ɓacewa daga gonaki bayan da sababbin irin masu yawan yabanya suka mamaye kasuwa. Abin da ya cece ta shi ne an adana ta.

Adanar kuwa aikin ƙungiyoyi ne irin su Native Seeds/SEARCH, wadda aka kafa a Tusan a 1983. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai masanin tsirrai Gary Paul Nabhan. Dalilin kafa ta abin lura ne: an kai wa wasu dattawan O'odham irin kayan lambu na zamani, sai suka nuna cewa irin da kakanninsu ke shukawa suke nema, kuma ya yi wuyar samu. A yau rumbun ƙungiyar na riƙe da nau'o'in iri kusan 2,000 na kudu maso yammacin Amurka da arewacin Meziko, tana kuma bai wa 'yan asalin yankin iri kyauta. Ɗakunan karatu na gundumar Pima su ma sun buɗe sashen aron iri a 2012, inda mutum zai ɗauki iri kamar yadda yake aron littafi, ya mayar da wani bayan girbi.

5.0 Bukukuwa da Kalandar Hamada

Wanda ya jera bukukuwan abinci na Tusan bisa watanni zai ga kalanda biyu ne a haɗe. Ɗaya ta kasuwa ce. Daga Nuwamba zuwa Maris baƙi masu gudun sanyin arewacin Amurka da Kanada kan cika birnin, kuma a ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu ake babbar kasuwar duwatsu masu daraja, wadda ke jawo fatake daga ko'ina a duniya. A wannan lokaci gidajen abinci ke samun ribar shekara. Da zafi ya shigo, baƙi sun tafi, ɗaliban Jami'ar Arizona sun yi hutu, sai ciniki ya faɗi. Makon rangwamen gidajen abinci da ake yi a Satumba domin farfaɗo da kasuwa aka ƙirƙire shi.

Ɗaya kalandar ta hamada ce, kuma ta fi tsufa nesa ba kusa ba. Shekarar O'odham tana farawa ne a ƙarshen Yuni, lokacin da 'ya'yan saguwaro suka nuna. Iyalai kan fita da asuba kafin rana ta yi zafi, ɗauke da doguwar sanda da aka haɗa daga haƙarƙarin busasshen saguwaro, suna zungurar 'ya'yan daga saman tsiron. Ana kwashe jan naman cikin, a ajiye ɓawon a ƙasa yana kallon sama domin roƙon ruwa, sannan a dafa ruwan ya zama maɗi. Wani kaso na maɗin ana ajiye shi ya yi tsami domin bikin kiran damina. Dokar Arizona na kare saguwaro, amma gandun dajin gwamnatin tarayya da ke gefen birnin yana barin iyalan O'odham su ci gaba da wannan girbi. Bikin kiran ruwan na al'ummar ne, ba a mayar da shi hajar 'yan yawon buɗe ido ba. Abin da baƙo kan samu shi ne darussan girbi da wasu dattawa ke bayarwa tare da gidajen tarihi. A daidai wannan lokaci, ranar 24 ga Yuni, Mezikawan birnin ke bikin San Juan, shi ma na marabtar damina ne.

Girbin meskit ma a Yuni yake, kuma da dalili. Idan ruwan damina ya taɓa kwanson, yakan kamu da irin funfunar nan mai guba da manoman gyaɗa suka sani, saboda haka ƙungiyar Desert Harvesters ke koyar da a tsinke shi daga kan itace kafin ruwan farko. Ƙungiyar ta sha kawo injin niƙa mai ƙarfi unguwa, kowa ya zo da abin da ya tara daga itatuwan ƙofar gidansa a mayar masa gari, sai taron ya zama ɗan biki, ana toya waina da garin. Wannan ya fi yawancin bukukuwan tasiri ta wata fuska, domin yana mayar da itacen da ake yi wa kallon shara ya zama abinci.

A watan Afrilu ake Bikin Gadon Agabe, wanda ya faro a 2008. Agabe tsiro ne mai kaurin ganye kamar kabar giwa, yakan shafe shekaru kafin ya nuna. Binciken Suzanne Fish da Paul Fish na Jami'ar Arizona ya nuna cewa mutanen Hohokam, magabatan O'odham, sun noma shi da yawa a gangaren duwatsun arewacin birnin, suna tara duwatsu a gindinsa domin riƙe laima, suna gasa zuciyarsa a rami har ta yi zaƙi. Bikin na nuna wannan gashi, ana laccoci a kan jemagun da ke yi wa tsiron barbara, amma abin da ya fi jan jama'a da kuɗi shi ne ɗanɗana barasar da ake tatsa daga gare shi, musamman bakanora ta Sonora, wadda aka haramta daga 1915 zuwa 1992. Nan akwai tufka da warwara: buƙatar barasar ce ke sa ake sare agaben daji kafin ya yi fure, abin da ke hana jemagu abinci, ya kuma hana tsiron yaɗuwa.

Mafi girma duka shi ne Tucson Meet Yourself, wanda masanin al'adun gargajiya Jim Griffith da matarsa Loma suka kafa a 1974. Kwana uku ake yi a watan Oktoba, a tsakiyar birni, kuma shiga kyauta ne. Manufar Griffith ita ce kowace al'umma ta gabatar da kanta da bakinta, saboda haka yawancin rumfunan abinci na ƙungiyoyin al'ummomi ne da majami'u da iyalai, waɗanda wasunsu ke tara kuɗin ayyukansu na shekara daga cinikin kwana ukun nan. Ana samun abincin O'odham da na Yaki a gefen na Turkawa da Filifinawa da 'yan Folan da sauransu. Yawan ciye-ciye ya sa mutanen gari suka juya sunan bikin cikin raha, suka musanya kalmar haɗuwa da ta ci. Ga mai nazarin al'ada, darajar wannan biki ita ce bai taƙaita ma'anar ɗan gari ga tsofaffin mazauna ba. Wannan fahimta ce ke bayan aikin ƙungiyar Iskashitaa, wadda aka kafa a 2003 tare da 'yan gudun hijirar Somaliya. Membobinta kan bi gidaje suna tsinkar lemo da zaitun da dabino da rumman da masu su ba sa buƙata, su raba wa iyalan 'yan gudun hijira da rumbunan agajin abinci.

6.0 Ruwa, Lafiya da Rabon Moriya

Kogin da ya ciyar da wannan kwari shekaru dubbai ya daina gudu a tsakiyar birnin tun wajen shekarun 1940, saboda yawan zuƙar ruwan ƙarƙashin ƙasa da birni da gonaki da ma'adinai suka yi. Gonakin O'odham na San Xavier suka bushe. Sai bayan shari'a da wata dokar tarayya ta 1982 aka amince da haƙƙinsu na ruwa, kuma da wannan ruwa gonar haɗin gwiwarsu ke noman tefari da masara da kabewa a yau. A wannan tsakani cimar al'ummar ta koma kan farin gari da sukari da kitse da abincin gwangwani, har soyayyar gurasar da ake sayar wa baƙi a harabar majami'ar San Xavier, wadda mutane ke ɗauka abincin gargajiya ce, daga wannan zamani ta samo asali. Ciwon sukari, wanda a da ba a cika ganinsa a cikinsu ba, ya yaɗu har yawansa a tsakanin O'odham ya shiga cikin mafiya tsanani a duniya. Tefari da coya da garin meskit kuwa abinci ne masu sakin sukari a jini sannu a hankali. Saboda haka komawa gare su, wadda ga mai cin abinci a tsakiyar birni sha'awa ce, ga O'odham magana ce ta lafiya.

A nan ne gurguwar fahimtar matsayin da UNESCO ta bayar ke bayyana. Waken tefari da garin meskit sun fi na kanti tsada ninki-ba-ninki, domin kaɗan ake samarwa kuma aikinsu na hannu ne. Kimanin mutum ɗaya cikin biyar na mazauna Tusan yana ƙasa da layin talauci, kuma a faffaɗan yankin da aka keɓe wa Tohono O'odham kantunan abinci kaɗan ne ƙwarai. Mai kuɗin shiga gidan abinci na zamani ya fi jikan wanda ya adana irin samun damar cin sa. Ƙungiyar da ke kula da matsayin birnin tana ba gidajen abinci shaidar amincewa idan suna sayen kayan gida suna kuma kyautata wa ma'aikata, kuma wannan mataki ne mai ma'ana. Amma kayan lambun da birnin ke ci a hunturu galibi ta kan iyakar Nogales suke shigowa daga gonakin Meziko, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 na ruwan jihar Arizona noma ke shanye shi, babban kaso a kan auduga da ciyawar dabbobi, ba amfanin hamada ba.

Ruwan famfon Tusan kansa daga kogin Kolorado yake zuwa, ta wata magudana mai tsawon kusan kilomita 540, ana turo shi da injuna zuwa tudu, a zuba shi ya nutse a ƙasa, sannan a sake zuƙo shi. A Agustan 2021 gwamnatin tarayya ta ayyana ƙarancin ruwa a wannan kogi karo na farko a tarihi, kuma ragin da aka yi daga 2022 a kan manoman tsakiyar Arizona ya fi faɗawa. Wannan ya sa masu bincike a Jami'ar Arizona suka ƙara mayar da hankali kan tefari da agabe da nofal da meskit a matsayin amfanin gonar da za a iya dogara da shi idan ruwan ya ci gaba da ja da baya. A gindin baƙin dutsen da birnin ya samo sunansa an kafa wani lambun tarihi mai suna Mission Garden, inda aka ware fili ga kowane zamani, daga masarar farko zuwa ɓauren limaman mishan da kayan lambun Sinawa. A kusa da shi, tun ranar 24 ga Yunin 2019, hukumar ruwan birnin ke sakin tataccen ruwan da aka riga aka yi amfani da shi cikin busasshen kwarin Santa Kurus, inda yake gudu ɗan taƙi kafin yashi ya shanye shi.